Gidan Ƙasa, Rigar Siminti

Ƙanena ne ya zo mini da takarda. Doguwa ce, a nannaɗe kamar tabarma, ya shimfiɗa ta a tsakiyar zauren gidanmu, ya danne kusurwoyinta da wayoyinsa biyu da makullin motarsa da takalmina. Wai zanen gida ne. Ɗakuna jere, kowanne da bayinsa a ciki, na bai wa 'yan jami'a haya. Ya ce, "Yaya, a rushe kawai a huta. Gyaran gidan nan ɗiban ruwa ne da rariya." Na tsaya ina kallonsa. Yaron da na goya har bayana ya yi kanta, yaron da aka raɗa wa suna a zauren nan, shi ne yau yake nuna mini da tsinin biro inda katafila za ta shigo. Na ce ya naɗe takardarsa kafin in hura wuta da ita. Ya ce na cika zafin rai. Na ce gadonsa na yi, shi kuwa har yau ban gano abin da ya gada ba.

Ni ban yi karatu mai nisa ba. A aji biyu na sakandare na tsaya, na kama sayar da kayan gyaran babur a bakin titi, har yau kuma ina nan, ina shaƙar hayaƙin manyan motocin da ke hawa gada. Saboda haka kada wani ya sa ran jin magana mai zaƙi daga bakina. Abin da na sani shi ne gidan nan kakanmu ya ɗora tubalinsa, Baba ya riƙe shi har ya koma ga Allah, Inna kuma tana nan a ɗakinta na can baya, da ranta. 'Yan'uwanmu mata suna gidajen mazansu, sun ce duk abin da mu biyu muka yanke sun yarda. To mu biyun ne ba mu yanke ba. Shi ya ce a rushe a gina sabo, ni na ce a gyara, damina kuwa ba ta jiran kowa.

Yaran yanzu sun ɗauka gida abu ne da ake ginawa sau ɗaya a shige a manta. Mu ba haka muka taso ba. Gidan ƙasa kamar doki yake, kowace shekara yana da haƙƙi a kanka. Idan bazara ta yi nisa, zafi ya kai inda kaza ke tafiya da baki buɗe, ba sai an yi shela ba, kowa ya san lokacin yaɓe ya yi. Ƙarar farko da za ka ji ita ce ta jakuna, suna tahowa daga kududdufi da mangala cike da jar ƙasa, mai kora yana ta musu tsawa kamar suna jin Hausa. A jibge ƙasar a ƙofar gida, a buɗe tsakiyarta, a zuba ruwa da yankakkiyar ciyawa da kashin jaki, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa. Warin nan har yau yana hancina, kuma wallahi ya fi mini turaren da ƙanena yake fesawa. Mata kuma suna can ciki sun jiƙa ɓawon ɗorawa a manyan tukwane, ruwansa ya yi ja ya yi kauri, shi ne makuba, da shi ake haɗa shafen ƙarshe don ruwan sama ya zame ya wuce. Ranar aiki kuwa unguwa duka ce take zuwa. Mu yara mu naɗe wando mu faɗa cikin kwaɓin, caɓal, caɓal, har cinya. Manya suna kan tsani, na sama ya yi kira, "Ƙasa!" na ƙasa ya cura ya cilla masa, ya cafe da hannu ɗaya ya maka a bango. In curin ya faɗo a kan wani a yi ta dariya, a ce ya samu rawani. Da hantsi a fito da kunu, da azahar ɗanwake. Yau gidanmu, gobe gidan maƙwabci, jibi na tsohuwar da ba ta da kowa. Ba wanda ya taɓa tambayar me za a ba shi.

Shekarar da muryata ta fara buɗewa, Baba ya ce na isa hawa sama. Ya ba ni rufin zaure, gefen indararo, inda ruwan saman soro ke taruwa ya zubo waje. Akwai wata tsaga a wurin, siririya, ba ta kai faɗin ɗan yatsa ba. Ya nuna mini ya sauka. Ni kuwa daga saman nan ina hango kogi, ina hango abokaina sun tuɓe suna faɗawa ruwa, har ihunsu iska tana kawo mini. Sai na ɗebo kwaɓi na shafe kan tsagar, na bi da tafin hannu na goge, ta yi sumul kamar ba a taɓa yin ta ba. Na sauko na ruga kogi. Da yamma Baba ya leƙa daga kan tsani ya ce aiki ya yi kyau, ni kuma na yi ta hura hanci.

Ruwan farko da la'asar ya zo. Muna zaune a zaure ana jin daɗin ƙamshin ƙasa, sai ɗis, ɗis, daga nan sai tsiyaya. Kuma ba ko'ina ba sai daidai kan damin irin geron da Baba ya rataye a jikin azara, wanda ya zaɓa zangarniya-zangarniya tun kaka don shuka. Jan ruwa ya bi ta kansa. Na zaci duka zan sha, har na fara neman ƙofa. Bai taɓa ni ba. Ya jira ruwa ya tsagaita, ya sa tsani, ya ce in hau gaba. Maƙwabta sun fito duba bangayensu, kowa yana kallo. Ya sa ɗan yatsa ya danna shafen nawa, ya burma. Ya ce, "Tona." Na ce da me? Ya ce da abin da na shafa. Na tona da farce har jini, tsagar da na raina sai ga ta ta buɗe ta ciki, hannuna ya shige har wuyan hannu. Ya ce, "Ka gani? Tsaga ba a rufe mata baki. Buɗe ta ake yi, a ga iyakarta, a cika ta tun daga gindi. Wanda ya shafe sama, ido ya yi wa aiki, ba gida ba." Shekarar nan roƙon iri muka yi, kuma ni ya aika gida-gida da ƙwarya, in faɗa da bakina abin da ya sami namu.

Yanzu je ka nemi ko ɗaya daga abubuwan nan. Kududdufin an cike shi da shara an yanka filaye, wani ya yi shagon cajin waya a kai. Ɗorawar da ke bayan gari an sare an yi gawayi. Jaki sai ka yi sati ba ka ji kukansa ba, sai rurin tifa, dare da rana suna kwasar yashin kogi suna kaiwa inda ake buga bulo. Ka ce wa saurayi ya zo gayya, kafin ka rufe baki ya ce, "Alhaji, nawa ne?" Ni ban je Makka ba ma, amma in za a cuce ka sai an naɗa ka. Sabon Gari duk ya koma akwatunan siminti da kwano, da rana tanda, da damina ganga, mutum na ciki yana zufa yana zagin masu wuta. Zaurenmu kuwa ko a tsakiyar bazara ka shigo sai ka ji kamar an ɗora maka randa a ƙirji. Wannan ne aka ce mini ci baya ne.

Duk wannan na zazzage wa ƙanena, na kuma ƙara masa da abin da nake taƙama da shi. Na ce lokacin da Baba ya rasu yana ina? Yana makaranta yana cin wake da shinkafa. Ni na tsaya. Gayya ta mutu, maƙwabta duk sun koma bulo, gidanmu ya rage shi kaɗai ja a layin kamar ruɓaɓɓen haƙori, har masu wucewa suna kwatance da shi, wai "ka wuce gidan ƙasar nan." Ni na kawo birkila, na sa aka yi wa zaure da katangar gaba filasta da siminti ciki da waje, aka shafa fenti ruwan bula. Tun daga ranar ban sake hawa tsani ba, gida kuma ya shiga sahun mutane. Na ce masa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A sake filasta inda ta fashe, a canza kwanon madafi, shi ke nan. Ya ce, "Yaya, ba gardama zan yi da kai ba. Kawo wanda ka yarda da shi ya duba. Abin da ya faɗa na bi." Na ce ya faɗi da bakinsa.

Akwai wani tsohon magini a wajen Ɗankaza, yana cikin waɗanda suke hawa bangonmu tun ina tattaka kwaɓi. Yanzu idonsa ɗaya ya tafi, bayansa ya rankwafa. Na je na ɗauko shi a babur, ina tafe ina murna na samo mai tsaya mini. Muka iso da hantsi, ƙanena yana tsaye jikin motarsa. Aka gaisa, ya tambayi Inna, ya yi wa Baba addu'a. Sannan ya tsaya gaban zauren ya daɗe yana kallonsa da idon nan guda.

"Wa ya sa masa wannan rigar?"

"Ni ne, Baba," na ce, har da gyara tsayuwa.

Ya ɗaga sandarsa ya ƙwanƙwasa bangon daidai ƙirjinsa. Bum, bum, kamar an buga gora. Ya matsa gaba ya sake. Bum. Ya zagaya har ƙarshen katanga, ko'ina amsar ɗaya ce. Ya dawo gindin zaure ya ce a ba shi diga. Na ce, "Baba, fentin fa." Ya ce, "Fenti zan duba ko gida?" Sara ɗaya ya yi, ba ma da ƙarfi ba, tsoho ne. Wani ɓangare na siminti kamar faifai ya ɓalle ya faɗi, sai ƙasa ta biyo shi tana zuba, baƙa, damshi-damshi, tana warin rijiyar da aka daina ja. Gara ta yi ta watsewa. Ya zura hannu har gwiwar hannu bai taɓa abu mai tauri ba.

"Ɗan nan, ƙasa numfashi take yi," ya ce. "Ta sha ruwa da damina, ta fitar da rani. Ka toshe mata hanci ciki da waje. Ruwa ya samu ɗan tsagi ta sama ya shiga, ya rasa ta inda zai fita, ya zauna. Shekara nawa yana zaune? Ba bango ke riƙe da rufin nan ba, ɓawo ne da ikon Allah. Kai ba ɗan gidan nan ba ne? Ba ka taɓa hawa sama ba?"

Na taɓa hawa. Ina tsaye da furfura a gemuna, farcen hannuna suna yi mini zugi kamar a jiya na tona. Aikin da na yi ina ɗan yaro a kan tsaga guda, shi na maimaita ina magidanci a kan gida sukutum, na biya birkila ya taya ni, na kuma yi shekaru ina gori da shi. Ƙanena ya juya kai yana duba waya, amma na ga kumatunsa. Da dariyar ya yi a fili da ya fi mini sauƙi, da na samu wanda zan shaƙe.

Tsohon ya ce a kai shi ciki. Muka yi sallama muka shiga, ya wuce tsakar gida har ɗakin Inna da madafinta. Nan ban sa siminti ba. Ba don hikima ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Don ba a gani daga titi ne. Ya ƙwanƙwasa. Ƙwas, ƙwas, sandar har tana dawowa. Ya shafa bangon da tafinsa, duk shatar yatsu ne ƙanana, sabo a kan tsoho, iya inda hannun gajeren mutum zai kai, daga nan kuma sai shatar wani abu mai faɗi.

"Wa yake yi wa nan yaɓe?"

Inna tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana tsince wake, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Aljanu," ta ce.

"To aljanun sun iya kwaɓi. Saman fa?"

"Muciya nake ɗaura wa tsumma. Ina da 'ya'ya maza biyu, Malam, ɗaya ya yi ilimi ya fi ƙarfin ƙasa, ɗaya ya yi fenti."

Na ce, "Inna, ai da kin faɗa mini."

Sai a nan ta ɗago. "Ranar da ka kawo mai siminti ban ce maka mahaifinku ya hana ba? Ka ce mini zamani ya canza, in koma ciki. To na koma ciki."

Ina wucewa ta gaban bangon nan kullum in gaishe ta, safe da yamma. Ban taɓa tambayar kaina dalilin da bai zube ba.

Hukuncin tsohon gajere ne. Zaure da katangar gaba sun mutu, a sauke su kafin ruwa ya sauke su a kan mutum. Ɗakin Inna da madafi kuwa, in za a ci gaba da ba su haƙƙinsu, za su binne mu duka. Ƙanena ya ce, "To Yaya, ka ji. Tunda za a taɓa, a haɗa gaba ɗaya, Inna ta koma wurina kafin a gama, a yi mata ɗaki mai tayil." Inna ta ce tayil ɗin da ta zame a kai ta kusa karya ƙugu? Na ce masa, "Ka ce abin da ya faɗa za ka bi. Ya faɗi biyu. Ka ɗauki wanda ya yi maka daɗi ka bar ɗayan?" Ya ce ana maganar amfani ina maganar son zuciya. Na ce gaban gida ni na kashe shi, na yarda, ya je ya yi akwatunansa a kan kabarinsa. Baya kuwa ba ni na raya shi ba, ba shi ba, don haka ba mai taɓa shi a cikinmu.

Katafila ma ba ta samu aiki ba. Leburori huɗu ne suka zo bayan sallar asuba da diga da shebur. Mutane suka ce in tafi shago kada in gani, na ƙi. Aka fara sauke rufi, azara tana fitowa baƙa ƙirin, lafiyarta ƙalau, ƙusa ma ba za ta shige ta ba, an bar ta ba abin da za ta hau. Bangon kuwa ko gardama bai yi ba. Wannan ne ya fi ƙona mini rai. Na so a ce ya wahalar da su, su yi gumi, diga ta karye, su san sun taɓa ginin mutane. Ina! Turawa kawai suke yi yana zubewa kamar tuwon da ya kwana a ruwa. Kafin azahar zauren da aka yi zaman makokin ubana a ciki ya zama tudu, ana hango igiyar shanyar Inna daga kan titi. Wasu 'yan jami'a suka tsaya, ɗaya ta tambaya da gurɓatacciyar Hausarta ko ɗakunan haya za a yi, yaushe za a gama. Ba laifinta ba ne, wurin kwana take nema. Amma na juya mata baya.

Washegari ƙanena ya zo da birkilansa da igiya da turaku, za a fitar da harsashi. Ina kallo suna ja suna kafawa. Turke na ƙarshe sai ga shi an buga shi a gindin bangon Inna, igiyar har tana gogar yaɓenta. In aka haƙa rami a nan, ruwan kwanonsu duk a gindin ɗakinta zai sauka, shekara biyu ya gama da shi ba tare da kowa ya ɗaga diga ba. Na san nufinsa, shi ma ya san na sani. Na tashi na tuge turken, na ƙirga taku biyar zuwa wajen titi, na kafa shi na taka da dunduniya.

"Yaya, ɗaki guda fa za mu rasa."

"Ka rasa."

"Zanen zai lalace."

"Ai takarda ce. Sake wata."

Ya yi ta faɗa, ya kira 'yan'uwanmu mata a waya ɗaya bayan ɗaya, ya ce na zama ƙarfen ƙafa. Na jawo benci na ɗora a kan turken na zauna. Yau kwana tara ke nan ban buɗe shago ba, don na san ranar da na ɗaga, igiyar nan za ta yi tafiya da kanta. Sai sun zuba kankare a inda na ce, sannan zan tashi.

Na aika a kawo mini jar ƙasa daga Ɗankaza, a kurar ruwa za a turo ta tunda ba jaki. Na aro tsani. Gwiwoyina suna ƙara ko matakalar masallaci na hau, kuma a duk layin nan ba wanda zai tsaya a ƙasa ya cillo mini curi. Jiya da la'asar gabas ta yi baƙi, iska ta kwashe zanan ciyawar da na kafa don tare idon titi. Inna ta leƙo ta dubi sama, ta dube ni a kan bencina.

"Gadin turke za ka yi ta yi, ko hawa za ka yi?"

Na ce duka biyun.

Ta ce, "To ka fara da wanda ruwa zai fara tambaya."